Ƙayar da Ba Ta Kai Labari Ba

Ɗazu da la'asar Baba Talle ya dawo daga bakin madatsa,
makullin ƙofar ruwa rataye a kafaɗa,
yana ta zancen shinkafar Auyo da ta fara ɗaukar ciki.
Ni kuwa sawunsa nake bi a tsakar gida:
taku, ɗigo ja, taku, ɗigo ja.
Ƙayar aduwa ce, tsawon gaɓar yatsa,
ta shige dunduniya ta yi zamanta
kamar baƙon da ba a san da isowarsa ba.

Na ce, "Tun yaushe?"
Ya ce, "Tun yaushe me?"

Na zaunar da shi a kan kifaffen turmi.
Shekara uku ina karatun lafiya a Jahun,
ban taɓa neman Hausar abin ba sai yau.

Baba, akwai zare daga tafin ƙafarka har gadon baya,
ya fi silin gashi siranta,
mai rai ne, kuma ba ya barci.
Ko kana minshari yana kan aiki:
yana kwarfe 'ya'yan gishiri waje, uku-uku,
yana jawo 'ya'yan toka ciki, biyu-biyu,
har waje ya fi ciki caji,
yadda kake tare ruwa a bayan ƙofa
ya cika, ya yi tsit, yana jira.

Sai ƙaya ta taɓa.
In taɓawar ba ta kai geji ba, ƙofa ko gezau.
In ta kai, babu rabin buɗewa:
gishiri ya kwararo ciki,
caji ya juye, tartsatsi ya tashi.
Ƙofar gaba ta ji motsin 'yar'uwarta, ta buɗe,
ta gabanta ma haka,
ta baya kuwa ta rufe, toka ta fice, ta ɗan huta,
shi ya sa saƙo ba ya komawa inda ya fito.
Ba ruwan ne ke tafiya ba, Baba,
buɗewar ce ke tafiya.

An naɗe zaren da kitse, gaɓa-gaɓa kamar rake.
Tartsatsin ba ya bin ƙasa taku-taku,
daga gaɓa sai gaɓa yake dira
kamar yaro mai tsallake kunyoyin gona.
A ƙarshen zare akwai ɗan kogi, babu gada.
Nan lantarki ke tsayawa,
ya loda saƙon a ƙananan kwale-kwale,
su yi fito da shi,
zare na biyu ya karɓa, ya kunna tasa wutar.
Kafin baki ya ce wash, ƙafa ta riga ta ɗaga.

Ya daɗe yana kallon dunduniyarsa.
Ya ce, "To, tawa magudanar kacalla ta cinye."
Na ce sukari ne, a hankali yake ci,
kuma gonar da ta fi nisa da madatsa
ita ke fara bushewa.
Wannan bai nemi bayani ba.
Shekara ashirin yana ba masu gonar ƙarshe haƙuri.

Na zaro tsinken tsintsiya. "Rufe ido."
Babban yatsa: shiru.
Tafin ƙafa: shiru. Akuya ta yi kuka a turke.
Idon sawu: "Kamar dai... a'a."
Na hau ƙwauri, tsinke na rawa a hannuna,
don nawa zaren lafiya lau suke,
da gudu suke kawo mini tsoro.
Taƙi ɗaya ƙasa da gwiwa ya zabura:
"Ke Hansai! Huda ni za ki yi?"

Ban taɓa jin daɗin faɗansa irin na yau ba.
Na ɗiga alli a wurin,
iyakar da za mu tsare ke nan.
Ranar kasuwa zan sayo masa rufaffen takalmi,
zai ce zafi, zan ce saka.
Daga yau kowace magariba ni ce zaren:
in haska tafin da fitila,
in kai wa kai labari.